Federal League da bai rushe ba: ku duba mini tamburan nan kafin in saki kaka

Abba: Salamu alaikum jama'ar gida. Na gama haɗa sabuwar duniyata a OOTP, wasan kwamfutar nan na tafiyar da lig ɗin besbol, ina so ku leƙa kafin in saki kakar farko. Tushen labarin Federal League ne, lig ɗin besbol ɗin nan na uku a Amurka da ya ja da National League da American League a 1914 da 1915 sannan ya mutu. A wajena bai mutu ba. Masu kuɗinsa sun ƙi sulhun Disambar 1915, sun shiga 1916 da ƙarfinsu. Kulob takwas ɗin na bar su yadda suke: Chicago Whales, St. Louis Terriers, Pittsburgh Rebels, Kansas City Packers, Newark Peppers, Buffalo Blues, Brooklyn Tip-Tops da Baltimore Terrapins. Sai na ƙara biyu nawa na kaina, Los Angeles da Seattle. Tamburan goma duka ni na zana, ga su nan a sama. Wanda na fi alfahari da shi na Chicago ne, ku kalli yadda kifin ya buɗe baki, ruwa na feshi ta bayansa. Kada a ji kunyata, a faɗi gaskiya.

Nura: Wa'alaikumussalam. Kai Abba, wannan kifin ai ya fi ƙarfin besbol, a kai shi kwalin lemon ƙara kuzari. Amma ya yi kyau wallahi.

Yaya Maryam: Ƙanena sannu da aiki, hannunka ya faɗa. Sai dai tun da ka ce a faɗi gaskiya: tamburan nan na 1995 ne, ba na 1916 ba. Ƙirga launukan da ke jikin kifin. Shuɗi uku, fari, ja a baki, ga toka-toka da ka yi inuwa da ita, ga wani shuɗin yana narkewa cikin wani. A lokacin da kake magana, tambarin kulob ba bugawa ake yi ba. Ƙyallen ulu mai kauri ake samu, a yanka harafi da almakashi, a ɗora a ƙirjin riga a bi gefensa da allura. Rigar kanta ulu ce mai nauyi, fara idan ana gida, toka-toka idan an fita. Duk abin da almakashi ba zai iya bi ba, babu shi. Kamar ka kai wa mai ɗinkin hula hoton waya ne ka ce ya fitar maka da shi da zare, zai ce maka a rage, a bar gundarin zanen. Shi ya sa tamburan zamanin harafi ne kawai mafi yawansu. Kalli D ɗin Detroit mai lanƙwashe-lanƙwashe, ko N da Y na New York da suka sarƙe juna. Whales na gaskiya ma harafin C suka sa, da ɗan kifi a cikinsa, shi ke nan.

Abba: Yaya na ji, amma idan na bi wannan ai duk goman za su zama abu ɗaya. Harafi, harafi, harafi. Mutum zai buɗe teburin lig ya rasa gane wane ne wane.

Yaya Maryam: A teburin ne ma naka zai fi wahala. Ka rage kifin nan zuwa girman da yake fitowa kusa da sunan kulob a jadawali, ka gani. Na gwada yanzu a waya: haƙoran sun ɓace, feshin ruwan ya haɗe da jela, abin da ya rage ɗigon shuɗi ne kamar tawada ta zuba. Harafi mai kauri kuwa ko an mayar da shi kamar ƙwayar gero ana karanta shi. Bambancin kana samunsa a siffar harafin da launin safa. Wani mai ƙugiya, wani miƙaƙƙe, wani a cikin da'ira, wani a hannun riga maimakon ƙirji. Mutanen can da safa suke gane juna, ba ka ga sunayen ba? Red Stockings na Cincinnati tun 1869, White Sox, Red Sox, Browns. Launi biyu ga kowane kulob, na uku sai da dalili.

Baba Garba: Maryam ta gama maganar zane, ba ni da ƙari sai ɗaya: na ga ka sa lamba da suna a bayan riguna. Cire su. Lamba a baya sai 1929 Yankees da Cleveland suka mai da ita ɗabi'a, suna kuwa White Sox ne suka fara a 1960. Ni abin da ya tsaya mini Los Angeles da Seattle ne. Abba, da me za su je? A 1916 jirgin ƙasa ne. Daga Chicago zuwa Los Angeles kusan kwana uku ne a hanya, ka ƙara abin da ke tsakanin Brooklyn da Chicago. Kulob zai ƙare kaka a cikin tarago. Dalilin ke nan da ya sa daga 1903 har 1952 kulob 16 na manyan lig biyu suna cunkushe a birane 10, St. Louis ce iyakarsu ta yamma. Dodgers da Giants ba su tafi California ba sai 1958, bayan jirgin sama ya zama abin hawan kowa. Kuma gaɓar yamma ba kango ba ce, tana da masu ita. Pacific Coast League na can tun 1903, da kakarsu mai tsawo saboda ba su da sanyin da ke hana wasa. Idan faɗaɗawa kake so, ga Indianapolis da aka ƙwace wa kulob bayan sun ci kofin 1914 aka kai Newark. Mayar musu. Ga Milwaukee, ga Toronto.

Nura: Baba, ai wasa ne. A Football Manager na ɗauko kulob daga ƙasan ƙasa na ci kofin Turai da shi, babu wanda ya tambaye ni kuɗin mota.

Baba Garba: Nura, ba a hana ka ba. Ka sa kulob a duniyar wata ma, kwamfuta za ta buga maka. Amma shi ya ce lig na tarihi yake ginawa. Daɗin irin wannan gini shi ne ka canza abu ɗaya tak, sauran ka bar su su matse ka. Idan ka cire kowace matsi, me ya rage da za ka yi mamakinsa?

Malam Sani: Ina bayan Baba a nan, kuma zan ƙara da ɓangaren lissafi, don shi ne yake kashe yawancin duniyoyin da ake turo mana. Abba, ka duba saitin alƙaluman lig kafin komai. Idan ka bar shi a na zamani, a kakar farko wani zai fitar da ƙwallo waje sau 45, shi ke nan labari ya lalace. Zamanin matacciyar ƙwallo ne. Frank Baker da ake wa laƙabi da Home Run, da 12 ya jagoranci American League a 1913. A Federal ɗin kansa Hal Chase ne ya zo na ɗaya a 1915 da 17. Ƙwallo ɗaya ake ta duka har ta yi baƙi ta yi laushi, masu jifa na shafa mata yawu da ruwan taba, filaye kuma manya. Wasan na sata ne da ɗan taɓawa da gudu. Sai a 1920 abubuwa suka juya: aka hana jifan yawu, Ray Chapman ya rasu bayan ƙwallo ta same shi a ka, aka koma canza ƙwallo da zarar ta yi datti, Babe Ruth ya buga 54. Masu jifa kuma ka ƙara musu juriya, mutum shi ke fara wasa shi ke gamawa. Kaka wasa 154, ba 162 ba. Babu mai duka a madadin mai jifa, wannan sai 1973. Babu zaɓen matasa na shekara-shekara, shi ma sai 1965.

Abba: Malam wannan duk na saita, na ɗora alƙaluman shekara da shekara. Inda na tsaya shi ne kwantiragi. In kunna dokar riƙe ɗan wasa ko in bar su su yi ciniki da kansu?

Malam Sani: To nan ne duniyarka ta fi daɗi, kada ka wuce shi da sauri. Makamin Federal gaba ɗaya shi ne sun ce ba su san da dokar riƙewa ba. Tun 1879 kulob ke riƙe ɗan wasa, ko kwantiraginsa ya ƙare ba shi da inda za shi. Federal suka zo da jakar kuɗi, Joe Tinker ya tsallaka, Three Finger Brown ya tsallaka, albashi ya tashi a ko'ina don a hana sauran tafiya. Da lig ɗin ya mutu aka sake danne albashin. Idan a wajenka bai mutu ba, ɗan wasa na da kasuwa biyu ke nan tun 1916, ba sai ya jira 1975 da aka karya dokar riƙewar ba. Sannan ga wani abu. Hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 1922, wanda ya ce dokar hana babakere ba ta hau kan besbol ba, daga ina ya fito? Masu Baltimore Terrapins ne suka kai ƙara saboda an yi sulhu an bar su a rana. Babu sulhu, babu ƙarar, babu hukuncin. Ni da ni ne, sai in kunna riƙewa a cikin kowane lig, amma in bar ƙofa tsakanin lig da lig, ina yin wasu tsallake-tsallaken da hannu a yanayin kwamishina.

Baba Garba: Kuma filin Weeghman ya zauna a hannun Whales. A gaske Charles Weeghman, mai Whales, ya gina shi a 1914, da aka yi sulhu ya sayi Cubs ya kawo su ciki, shi ne Wrigley Field na yau. A duniyar Abba, Cubs na nan a tsohon filinsu na yammacin gari. Mutanen arewacin Chicago da na sani, idan suka ji wannan sai sun yi zazzaɓi.

Hadiza: Ina karantawa tun ɗazu. Kowa na maganar jirgin ƙasa da safa da albashi, babu wanda ya taɓo babbar tambayar. Abba, a lig ɗinka baƙar fata na wasa ko ba sa yi?

Abba: Suna yi mana. Ban ma tsaya tunani ba, na buɗe wa kowa. Ni baƙi ne, zan zauna in gina duniya da hannuna in kuma hana kaina shiga?

Hadiza: Na fahimce ka, amma ga abin da ya sa na tambaya. An ce maka Seattle ba ta yiwuwa saboda nisa, ka yi shiru. To wannan ya fi Seattle nisa a Amurkar 1916. Tun bayan Moses Fleetwood Walker da ya buga wa Toledo a 1884 aka ja layin hana baƙi shiga, ba a rubuce ba amma kowa ya san shi, har Jackie Robinson ya taka fili ranar 15 ga Afrilun 1947. Federal na gaskiya, duk da yunwar 'yan wasa da suke yi, ba su ɗauki baƙi ba. Suna da kulob a Baltimore da St. Louis da Kansas City. A St. Louis, filin Sportsman's Park bai daina ware wa baƙi wurin zama ba sai 1944. Idan ka danna maɓalli ɗaya kowa ya shigo kamar ba a taɓa yin komai ba, ka wanke mutanen da ba su nemi wanki ba.

Nura: Anti Hadiza, to me kike so ya yi? Ya zauna yana aiwatar da wariya a ɗakinsa?

Hadiza: A'a. Ina so ƙofar ta buɗe da dalili, kuma a biya kuɗinta. Dalilin ma yana nan a ajiye. Lig na uku da ke neman numfashi, manyan biyu sun kulle masa 'yan wasa, ga Oscar Charleston matashi a Indianapolis ABCs, ga Pop Lloyd, ga Smokey Joe Williams, ga Cristóbal Torriente ɗan Kyuba. Ga baƙi na kwararowa daga kudu zuwa Chicago da Pittsburgh a daidai shekarun, masu sayen tikiti ke nan. Mai kulob ɗaya da bashi ya shaƙe shi ya isa ya fasa layin, ba don tsoron Allah ba, don aljihu. Sai wasu su bi, wasu su ƙi. A gaske ma haka aka yi, Red Sox ba su sa baƙi a fili ba sai 1959, shekara 12 bayan Robinson. Ka bar kulob biyu ko uku su yi taurin kai, ka ga yadda teburi zai hukunta su.

Baba Garba: Hadiza ta kawo magana. Amma ni ina da ja a wani gefen, kuma ra'ayina ne, ba dole a bi ba. Ni ba zan haɗe su ba sam a farko. Zan gina lig na huɗu. Rube Foster ya tara masu kulob a Kansas City a 1920 ya kafa Negro National League, kuma wannan ba abin tausayi ba ne da za a yi sauri a share. Kasuwanci ne na baƙi, mafi yawan masu shi baƙi, da jaridunsu irin Chicago Defender, da wasan taurarinsu na East-West da aka fara yi a Comiskey Park a 1933. Kansas City Monarchs suna yawo da fitilunsu a mota suna wasan dare tun 1930, manyan lig ba su kunna fitila ba sai 1935 a Cincinnati. Da aka buɗe ƙofa a 1947 me ya faru? Aka kwashe taurarin, 'yan kallo suka bi su, Negro National League na biyu ya rufe bayan kakar 1948. Branch Rickey na Dodgers ko sisi bai ba Monarchs ba a kan Robinson. Effa Manley ta Newark Eagles sai da ta tsaya da ƙafarta kafin aka biya ta kuɗin Larry Doby. To idan Abba ya buɗe a 1916, Foster ba shi da abin kafawa a 1920. Babu Monarchs, babu Homestead Grays a matsayin da aka san su, babu Crawfords. Ka ba ɗan wasa haƙƙinsa, ka kashe mai kulob tun bai haihu ba.

Hadiza: Baba, da girmanka, waɗannan lig ɗin dole ce ta haife su. Foster kansa burinsa a shiga manyan lig ne.

Baba Garba: Haka ne 'yata, amma a shiga ta yaya? Akwai bambanci tsakanin a tsinci 'yan wasa ɗaya-ɗaya da a shigo da kulob sukutum, da mai shi da manajansa da rigarsa. Na biyun ne ba a taɓa yi ba, kuma shi ne abin da zan so in gani a kwamfuta tun da ban gan shi a duniya ba. Abba na neman kulob biyu na ƙari. Ga Chicago American Giants na Foster, ga Indianapolis ABCs. Ya ba su kujerun Los Angeles da Seattle.

Malam Sani: Wannan ya zauna, har ta fuskar jadawali. Indianapolis ta dawo, Chicago ta samu kulob biyu a lig ɗaya, babu doguwar tafiya. Matsalar da zai haɗu da ita ta alƙaluma ce. Lig ɗin baƙi da MLB, hukumar manyan lig, ta amince da su a matsayin manya a Disambar 2020 na 1920 zuwa 1948 ne, su ne aka haɗe alƙalumansu a 2024 har Josh Gibson ya hau kan Ty Cobb a matsakaicin duka da .372. Kafin 1920 wasannin da aka rubuta kaɗan ne, don haka ƙarfin Charleston ko Lloyd na 1916 sai ya sa hannu ya gyara. Kada ka cika musu komai har sama don ƙauna, Abba. Charleston shekararsa 19 a farkon kakar, ka ba shi baiwa mai yawa, ƙwarewa matsakaiciya, ya girma a idonka.

Nura: Ni dai na ga an ƙwace wa yaro duniyarsa. Ya zo da kifi mai haƙora da Los Angeles, zai koma da harafin C da aikin gida.

Abba: Nura bar su, ina rubutawa. Amma ba duka zan ɗauka ba. Baba, shigar kulob biyu a 1916 ta yi mini wuri, masu Baltimore da St. Louis ba za su zauna teburi ɗaya da Foster haka kawai ba, maganar Anti Hadiza ce. Ga yadda nake gani. 1916 da 1917 kulob takwas, layin na nan, kasafin kowa na raguwa. 1918 yaƙi ya yanke kaka a farkon Satumba kamar yadda aka yi, kulob biyu su durƙushe, ina jin Buffalo da Newark. Lig na neman wanda zai cike gurbi ko ya mutu. A 1919 Foster ya shigo da sharaɗinsa, kulob biyu, kuma duk wanda ya ɗauki ɗan wasansa sai ya biya. Baltimore ta yi barazanar ficewa. Daga nan in saki kwamfuta ta yi abinta.

Hadiza: 1919 ɗin da aka yi tarzomar launin fata a Chicago a watan Yuli. Ka san abin da ka zaɓa?

Abba: Na sani. Zan sa American Giants su yi makonnin nan a waje, wasannin gida a mayar da su ƙarshen kaka.

Baba Garba: To ka fara gini ke nan. Abu ɗaya: ka kashe saitin da ke barin lig ya canza kansa. In ba haka ba wata rana za ka farka ka tarar kwamfuta ta kai Terrapins wani gari ta sake musu suna, duk labarinka ya bi ruwa. Kuma Pittsburgh kada ta yi wasan gida ranar Lahadi, dokar Pennsylvania ba ta bari ba sai 1934.

Malam Sani: Wannan na Lahadi sai da jadawalin hannu, Baba. Aiki ne.

Baba Garba: Shi ya ce yana so.

Yaya Maryam: Mu koma kan abin da ya tara mu. Abba, na sake kallon goman. Na Baltimore ka bar kunkurun, amma ka cire idon da ya yi ja da gira, ka mai da shi siffa ɗaya baƙa ko kore a hannun riga. Na Brooklyn kada ka zana burodi duk da sunan daga burodin Tip-Top na gidan Ward ya fito, rubutun ya isa. Sannan kada ka yi wa kulob tambari ɗaya na har abada. Yi na 1916, ka ajiye wani na wajen 1925 lokacin da zane ya fara shiga ƙirji, irin tsuntsaye biyu a kan sanda da Cardinals suka sa a 1922. Kifinka mai haƙora ma kada ka goge, idan duniyar ta kai shekarun 1990 zai yi amfani. Hana-sallar kuma ka rage mata tsayi da baki, na lokacin ƙanana ne, suna kwanciya a ka.

Abba: Da me zan yi gefen harafin ya fito kamar ɗinki? A Canva ya ƙi.

Yaya Maryam: Inkscape. Zana harafin, ka kwafi layin gefensa, ka shigar da shi ciki kaɗan, ka mai da shi tsinke-tsinke da launi mai ɗan haske. Kada layin ya miƙe sarai, ka ɗan karkata wasu gaɓoɓin. Ka fitar da shi PNG marar bango. Turo mini na Chicago da na American Giants tukuna in gani kafin ka ɓata dare a kan sauran.

Nura: Idan an buɗe shi lig na intanet ni Kansas City Packers nake so, tun yanzu na faɗa.

Hadiza: ABCs tawa ce, kuma Charleston ba na sayarwa ba ne.

Abba: Sai an kai 1919 tukuna Anti, yanzu ko 1916 ban saki ba. Yaya, an ɗauke wuta, da ta dawo zan turo C ɗin. Shuɗi mai duhu a kan fari, ko fari a kan shuɗi?

Yaya Maryam: Shuɗi a kan fari na gida. Na waje ka gwada shi a kan toka-toka mu gani.